Wai da gaske tunani yana kawo hawan jini, ko dai fada kawai akeyi?

Maman Biyu: Slm yan uwa barkanmu da dare. Dan Allah masana na zauren nan ku taimakamin da amsa. Sati uku kenan keyata na ciwo kamar ana sara min, kafaduna sunyi nauyi kamar na dauko buhun masara, in na kwanta sai inji zuciyata na bugawa har cikin kunne, bacci kuwa sai wajen karfe biyu yake zuwa kuma kafin assalatu idona biyu. Ranar Talata naje asibiti aka auna jinina akace 168 bisa 104, na koma Alhamis aka samu 160 bisa 100. Shekarata 36 fa, banida kiba, maiko ma ba damuna yayi ba. Likitan ya rubuta min kwaya sannan ya dago ya kalleni yace madam ki rage tunani. Wlh shiru kawai nayi dan bansan me zance masa ba. Maigidan wata bakwai kenan babu aiki, kudin haya yazo, yara biyu a makaranta, mahaifiyata na kwance barin jikinta ya shanye nice me jinyarta, da safe in gyarata in tafi koyarwa in dawo in dora sanwa in koma kanta. To ta ina zan fara ragewa? Abinda nakeson sani shine wai da gaske tunani yana taba jikin mutum har ya zama cuta, ko magana ce da ake fada in an rasa ta cewa? Kuma in Allah yasa hankalina ya kwanta zan iya ajiye kwayar?

Hajiya Babba: Wa alaikis salam yata. Allah ya baki lafiya, ya bawa mahaifiyarki sauki, ya budawa maigidan. Mu tun muna yara mukejin ana cewa wane ya hadiyi zuciya ya mutu, kuma ni ganau ce ba jiyau ba. Makociyata ce, shekara arba'in da wani abu suna tare da mijinta, ya rasu ranar Laraba, ranar sadakar uku tana zaune kan tabarma ana ta shigowa gaisuwa kawai ta dafe kirji tace numfashinta baya fita, kafin a samo mota gumi ya jika mata hijabi jagab. Matar da ko ciwon kai ban taba ji tace tanayi ba. Allah yasa da sauran shan ruwa, tayi kwanaki a asibiti ta dawo ta karasa takabarta. To in ba bakin ciki ba meye wannan?

Dan Kwari: Allah ya kara lafiya. Amma ni gaskiya maganar tunanin nan ban cika yarda da ita ba. Waye bashida damuwa a kasar nan yanzu? Tunda aka cire tallafin mai a 2023 kowa a wuya yake, inda tunani ke kawo hawan jini da duk Kano babu me lafiya ko daya. Gishiri ne da dunkulen da ake antayawa a miya, sai kuma gado. Ke da bakinki kince Hajiyarku barin jikinta ya shanye, to ai ga amsarki nan.

Abu Sumayya: Yawan damuwa dai karancin tawakkali ne mu fadawa kanmu gaskiya. Wanda ya sakankance arziki na Allah ne me zai hanashi bacci? Ki rike azkar yar uwa ki yawaita istigfari, zaki ga kwayar ma baki bukatarta.

Nas Mai Aikin Dare: Dan girman Allah kar wanda ya sake ce mata ta ajiye kwaya, 160 bisa 100 ba abin wasa bane. Tayi azkar dinta ta sha maganinta, ai ba kishiyoyin juna bane. Dokta kana kusa kuwa? Zo ka warware mana.

Dokta: Ina nan Sista, yanzu na gama zagayen marasa lafiya. Maman Biyu sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da ladan jinya.

Amsar tambayarki ta farko eh ce. Damuwa tana taɓa jiki, kuma hanyar da take bi sananniya ce, har a jini ana iya auna ta. Bari in ɗauko daga abin da kowa ya taɓa ji. Kina tafe da dare kare ya yo kanki, ko ki hango yaronki ya nufi titi mota na tahowa. Kafin ki yi wani tunani gabanki ya faɗi, bakinki ya bushe, tafin hannunki ya jiƙe, kin zabura da ƙarfin da ba ki san kina da shi ba. Abin da ya faru shi ne ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ga wasu ƴan ƙananan tsoka guda biyu da ke zaune a saman ƙoda, kowace ƙoda da tata kamar hula, su kuma suka saki wani sinadari adirenalin cikin jini. Shi ke sa zuciya gudu, ya matse jijiyoyin jini, ya janye jini daga hanji da fata ya tura wa cinyoyi da damatsa. Bayan ƴan mintuna sai na biyu ya biyo baya, kotizol, shi kuma ya sa hanta ta zubo suga cikin jini don a samu ƙarfin gudu, ya ce wa narkar da abinci da gyaran rauni da garkuwar jiki su dakata tukuna ana ta kai. Duk wannan rahama ce, da babu shi da ba mu tsira daga komai ba. In kare ya wuce sai kowa ya koma mazauninsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne jiki bai bambance kare da mai gidan haya. Kare minti biyu ne, kuɗin haya kuwa da shi za ki kwanta da shi za ki tashi wata da watanni. A ƙa'ida kotizol da sassafe yake hawa ya tashe ki, da dare ya sauka ki yi barci, jini ma in mutum ya samu barci mai nauyi yakan sauka, zuciya da jijiyoyi su ɗan huta. Ke da sai ƙarfe biyu kike runtsawa, wannan hutun ya ragu ƙwarai. Kamar janareta ne da aka saya don a tayar in an ɗauke wuta, sai aka bar shi yana ruri dare da rana ba kashewa ba sauya baƙin mai. Ciwon ƙeyar nan da nauyin kafaɗa ma sau da yawa naman wuya ne ya ɗaure ya ƙi saki.

Wani likita Hans Selye a birnin Montreal na Kanada ya nuna wannan a fili tun 1936. Ɓeraye ya yi ta takura wa, wasu da sanyi, wasu da allurai, wasu da gajiyarwa, da ya buɗe su sai ya tarar da abu iri ɗaya ko da me aka takura musu: tsokar saman ƙodar nan ta kumbura, sassan da ke riƙe da garkuwar jiki sun motse, cikinsu kuma ya yi gyambo.

Ta biyun kuwa, kar ki ajiye ƙwayar da kanki ko da kin ji garau. Hawan jini yawanci ba ya sallama, mutum na jin lafiya lau yana cin ƙoda da ido da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. In awo ya daidaita na tsawon lokaci likitanki ne zai duba ko za a rage.

Dan Kwari: Dokta bayani yayi, amma baka amsa tawa ba. Ga mutum biyu a layi daya, duka gobara ta cinye musu shago rana daya, daya ya kwanta daya yana nan yana yawonsa har ya sake kafa tebur. In tunani ne me yasa bai kada su duka ba?

Dokta: Alhaji tambayarka tana kan hanya, kuma rabin maganarka ta farko gaskiya ce. In ana lissafin abin da ke kawo hawan jini mai ɗorewa, gado da gishiri da ƙiba da shekaru da ciwon ƙoda hujjarsu ta fi ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kar babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, a haɗa da wanda ke cikin dunƙule da burodi da yaji, kanwa ma ƴar gidansu ce. Mu kuwa ka san yadda muke. To amma katanga biyu ruwa ɗaya ya doka, wadda ke da tsaga tun asali ita ke faɗuwa, ba za ka ce ruwan bai yi komai ba don ɗayar tana tsaye. Maman Biyu ta gaji tsagar daga wajen Hajiya, damuwar wata bakwai ita ce daminar. Sannan damuwa tana da hanya ta biyu da mutane ba sa lissafawa: wanda hankalinsa ke tashe ba ya barci, ba ya motsa jiki, ko ya daina ci ko ya yi ta ci, mai shan taba ya ƙara, mai goro ya ƙara, mai magani ya manta da shi. Su ma duk suna ɗaga jini.

Kuma Maman Biyu, a shekara 36 kar a tsaya a kan tunani kawai a rufe fayil. Ki nemi a duba fitsari da ƙoda da suga. In kina shan ƙwayar tazarar haihuwa ki faɗa wa likitan don wasu suna ɗaga jini, in kuma akwai yiwuwar ciki ki faɗa tun yanzu don akwai magungunan hawan jini da ba a ba mai juna biyu.

Malam Na Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ɗan uwa Abu Sumayya, niyyarka alheri ce amma ina roƙonka ka janye kalmar ƙarancin tawakkali, tana da nauyi a kan baiwar Allah da ke ɗauke da uwa da miji da ƴaƴa. Annabi Yaƙub alaihis salam wa ya kai shi tawakkali? Amma Alƙur'ani a Suratu Yusuf ya gaya mana idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa. Ka ga ke nan baƙin ciki ya sauka a jikin Annabi guda, kuma ba a zarge shi ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke ce mata. Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma a addu'ar nan har da nauyin bashi ya haɗa, don an san abin da bashi ke yi wa mutum. Nana A'isha kuma in an yi rasuwa takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, a ba masu makoki, ta ce ta ji Manzon Allah na cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya yana rage baƙin ciki. Wato an kula da cikin mai baƙin ciki, ba wa'azi kawai aka yi masa ba. Azkar dole ne, magani ma umarni ne.

Abu Sumayya: Na karba Allah gafarta Malam, na janye. Yar uwa kiyi hakuri wlh ban nufi in kara miki wani nauyin ba.

Maman Biyu: Ba komai Abu Sumayya Allah ya yafe mana baki daya. Malam nagode, wannan maganar ta sani hawaye dan ni kaina na fara zargin imanina, in ina sallar dare ina kuka sai inji kamar na kasa cin jarabawa ne.

Dan Jami'a: Ni inada gyara akan olsa tunda Dokta ya ambaci gyambon ciki. Kullum ana ce mana tunani da yunwa ke kawo olsa, alhali tun tuni kimiyya ta wuce nan. Wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun gano kwayar cuta ce me zama a ciki, Marshall din ma da akaki yarda dashi a 1984 ya hada kwayar cutar ya shanye da kansa cikinsa ya kama ciwo, a 2005 aka basu kyautar Nobel. To in olsar da kowa ya rantse tunani ne ta tashi ba tunani ba, me zai hana sauran ma haka ne?

Dokta: Daidai ka faɗa ɗan samari, kuma darasi ne gare mu likitoci kar mu riƙa jibga wa damuwa duk abin da muka kasa ganewa. Yawancin gyambon ciki ƙwayar cutar nan ce ko kuma magungunan kashe ciwo, kuma ana warkar da shi da maganin sati biyu in an yi gwaji an tabbatar. Sai dai ka lura, mutane da yawa ƙwarai suna ɗauke da ƙwayar a cikinsu, kaɗan ne daga ciki ke yin gyambo, kuma mai gyambo ya san ranar da ransa ya ɓaci cikinsa ya fi ci da wuta. Kansa ma ana yawan cewa damuwa ke kawo ta, wannan ni ba zan faɗa ba don bincike bai tabbatar ba. Amma akwai inda aka gwada aka gani ƙiri-ƙiri. A 1991 Sheldon Cohen da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila, mutum 394 masu lafiya aka ɗiga wa ƙwayar cutar mura a hanci bayan an auna yawan damuwar kowa, aka killace su ana kallo. Gwargwadon damuwar mutum gwargwadon yiwuwar murar ta kama shi. Kai ma ka duba, sau nawa kake gama jarabawa ka kwanta zazzaɓi?

Hajiya Babba kuma abin da kuka ba da labari, ban ga matar ba amma ya yi kama da wani ciwo da likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, suna ce masa takotsubo. Firgici ko rashi mai tsanani ke sa adirenalin ya yi wa zuciya ambaliya, ɓangarenta na hagu ya saki ya bultso kamar tulu, sunan ma na wata tukunya ce da masuntansu ke kama wata halittar teku da ita. Alamunsa sak bugun zuciya, amma in an duba jijiyoyin zuciyar sai a ga ba su toshe ba. Kusan tara cikin goma mata ne, yawanci waɗanda suka daina al'ada. Mafi yawa suna warkewa cikin makonni, wasu kuma yakan tafi da su. Kakanninmu da suka ce haɗiye zuciya sun ga wani abu.

Hajiya Babba: Ikon Allah. A lokacin har wasu sunce jifa ne daga dangin miji saboda gado, aka dade ana gaba akai wlh.

Direban Adaidaita: Ni da na dauka hawan jini cutar masu kudi ce masu cin kaji. Sai bara wani fasinja ma'aikacin lafiya yaga ina ta murza goshi a danja yace in tsaya ya aunani da na'urarsa, 155 bisa 98. Ni da ko nama sai sati sati. Amma ka duba rayuwar, tun shida na safe ina titi, balas din me mashin yana jirana ko nayi ciniki ko banyi ba, mai ya tashi, ga masu kamen hanya, ga fasinja yana zaginka akan naira hamsin, da rana in kora lemon kara kuzari biyu da goro dan kar bacci ya daukeni, dare in dawo jikina na rawa kamar har lokacin ina kan mashin din. Oga me mashin din kuwa yana gida kwance lafiyarsa kalau.

Dokta: Abin da ka faɗa an yi bincikensa shekaru da yawa. A Landan tun 1967 aka fara bibiyar ma'aikatan gwamnati maza wajen dubu 18, binciken da Michael Marmot ya shahara da shi. Kowa ya zaci manyan sakatarori masu ɗaukar nauyin ofis su za su fi faɗuwa da ciwon zuciya. Sai aka ga akasin haka, masinjoji da masu gadin ƙofa yawan mutuwarsu ya ninka na manyan wajen sau uku, kuma taba da ƙiba da hawan jini ba su iya bayyana duka ratar ba. Da aka zurfafa sai aka ga babban abu shi ne mutum a ɗora masa aiki mai yawa amma ba shi da ta cewa a kan yadda zai yi shi. Ka rage lemon nan don Allah, kana zuba fetur ne a wutar da ke ci, kuma ka je a sake auna ka a natse.

Mai Kemis: Bari in fadi abinda nake gani a kanta kullum. Mutum zaizo yace ciwon jiki, kai, baya, a bashi hadi. In ka tsaya ka tambayeshi sai kaji bashi ne ko rigimar gida. To sai ya dinga shan diclofenac ko ibuprofen kullum safe da dare wani ma cikinsa babu komai, su kuma wadannan suna cin bangon ciki suna taba koda kuma suna daga jini, me hawan jini bai kamata ya mayar dasu abinci ba. Maman Biyu in kina sha dan ciwon keyar nan ki tsaya ki tambayi likitanki. Na biyu yan matan nan masu neman sha ka fashe, yawanci dexamethasone ne a ciki, shi kuma dan uwan kotizol dinnan ne da Dokta ya fada, na bature. Duk me son yaga abinda kotizol keyi in yayi yawa ya dade to ya kalli wadda ta shekara tana sha: fuska ta kumbura tayi zagaye, tumbi ya fito kafafu sun sirance, fata tayi nankarwa, suga ya hau jini ya hau, kurji kadan yaki warkewa. Na damuwa baya kaiwa haka amma hanyar daya ce. Kuma wadda ta dade tana sha kar ta yanke rana daya, hadari ne, taje asibiti a sauketa a hankali.

Dan Damagaram: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan tansiyo muke ce mishi, kuma in ka tai likita ba 160 bisa 100 za a ce ma ba, 16 da 10 za a ce, duk abu guda ne kar wani ya rude in ya zo nan aka auna shi. Abinda ni gani wajenmu matan da mazansu suka tai Libiya ko Aljeriya neman kudi, wata shekara biyu ba labari, ga diya ga surukai. Kanwata haka ta zamna, al'adarta ta rikice, gashinta ya rika zubewa a mataji, an kai ta wajen masu rukiyya an ce iska ce. Shin wannan ma yana cikin abinda kuke fadi?

Nas Mai Aikin Dare: Yana ciki sosai Malam. Kwakwalwar da ke bada umarnin sakin kotizol ita ce dai ke tsara al'adar mace, in taga ana cikin tashin hankali sai ta jinkirta ko ta dauke. Gashi kuma yakan zube wata biyu zuwa uku bayan abin ya faru shi yasa mutane basa hada su, kuma yawanci yana dawowa. Amma a dubata dai, karancin jini da ciwon makoko ma suna kawo haka.

Ni maganar da nakeso inyi akan Maman Biyu ce, dan duk munyi ta kawo bincike mun manta da abinda yafi kusa. Jinya. Duk wanda bai taba jinyar me shanyewar barin jiki ba bazai gane ba, juyata duk bayan awa biyu kar bayanta ya kwailaye, wanka, kai ta bandaki ko sa mata fo, bata abinci a hankali kar ta kware, wankin zannuwa, kuma da dare kunnenka na kanta. A asibiti mu da aka koyawa aikin ma karba karba mukeyi, ita kuwa ita kadai ba canji. A Amurka a jami'ar jihar Ohio an taba gwada mata masu jinyar yan uwansu da suka rikice da tsufa, a 1995 aka fitar, akayi musu dan karamin rauni a hannu iri daya da na wasu matan da basa jinya, na masu jinya sai da ya kai wajen kwana 49 kafin ya warke, na sauran wajen kwana 39. Kwana tara zuwa goma akan dan rauni kamar kwayar gero biyu. Ni a dakinmu sau nawa me jinya ke yanke jiki ta fadi a gefen gadon wanda take jinya. Dan haka tambayata, Maman Biyu ke kadai Hajiya ta haifa?

Maman Biyu: Mu shida ne Sista. Maza hudu sai ni da kanwata tana aure a Zariya. Yayyena suna turo kudin magani in sun samu, ba zance basa komai ba, amma zama da ita kam sunce ai aikin mace ne, matansu kuma kinsan ba a tilasta suruka. Ni kuma kunya nakeji ince na gaji da uwata.

Hajiya Babba: Yata saurara kiji. Cewa kin gaji ba cewa kin gaji da ita bane. In kika fadi wa zai dauketa, wa zai dauki yaranki? Ki kira babban yayanku ki nuna masa takardar asibitin nan da idonsa, kar kiyi ta waya. Ladan uwa ai ba ke kadai aka rubutawa ba, suma suzo su diba. In bazasu iya zama ba su hada kudi a dauko me taimako ko da rana ne, kanwarki tazo ko karshen wata ne ta karbeki kwana biyu kiyi bacci.

Dan Kwari: Wannan kam gaskiya ne kuma mu maza munada laifi anan, ni kaina da Babanmu ya kwanta kanwarmu muka barwa, sai yanzu nake jin nauyin abin. Amma Dokta har yanzu ina nan akan gishiri.

Dokta: Ka tsaya a kansa Alhaji, ni ma ina tare da kai, a rage shi. Maman Biyu abin da zan ƙara kaɗan ne, don na san ba ki da lokacin dogon tsari. Tafiyar ƙafa da ɗan sauri minti talatin a yawancin ranaku tana sauke jini tana kuma ƙone wannan zafin da jiki ya tara, ko sauka za ki riƙa yi daga adaidaita kafin makaranta ki ƙarasa da ƙafa. Shayi mai ƙarfi da kofi ki bar su daga la'asar. In kin kwanta zuciya na bugawa, ki ja numfashi a hankali ta hanci ki sake shi a hankali ya fi jan tsawo, minti biyar, wannan yana taɓo jijiyar da ke rage gudun zuciya. Ki samu mutum ɗaya da za ki riƙa amayar wa abin da ke cikinki. In kuma kika ga sati biyu sun wuce ba kya jin daɗin komai, kuka ba dalili, ko tunanin gara ki mutu, wannan ciwo ne mai magani, ki faɗa wa likita kai tsaye, akwai sashen masu kula da wannan a Asibitin Malam Aminu Kano, zuwa can kuma ba ya nufin hauka. Kowa kuma ya riƙe wannan: ciwon ƙirji mai danna mutum yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ko ƙafa ta saki, ba a jiran safiya, ba a tsayawa shafa mai, asibiti nan take.

Maman Biyu: Slm, na dawo da bayani. Naje gidan Yaya ranar Lahadi da takardar kamar yadda Hajiya Babba tace, na dauka fada zaiyi wlh sai naga yayi shiru yana ta kallon lambar, yace shi bai san abin ya kai haka ba. Sun hada kudi an samo wata dattijuwa tana zuwa daga safe zuwa la'asar, kanwata kuma tazo Juma'a ta kwana biyu da Hajiya, ranar nayi baccin da rabona dashi tun kafin azumi. Gwajin fitsari da suga lafiya, na koda sai Litinin. Yau da safe 146 bisa 92. Haya dai tana nan, me gidan hayar ya kara mana wata daya. Sista tambaya, kwayar tana sani yawan fitsari ina tsaka da aji, zan iya maida ita dare?

Nas Mai Aikin Dare: Alhamdulillah, naji dadi wlh. Kar ki maida ita dare, in me sa fitsari ce zata hanaki baccin da muke nema miki. Ki sha da asuba bayan sallah kafin lokacin aji karfinta ya ragu, in kuma har yanzu tana takura miki ki fada masa ranar Litinin din akwai wasu kala da zai iya canza miki. Ki tafi da kwalin a jaka, da takardar da kike rubuta awon kullum.